Muryar Bahaushe a Faifan Mutanen Jamaika

A shekararmu ta biyu a Manchester muka bar Fallowfield, saboda hayaniyar ɗalibai ta ishi matata, muka koma Levenshulme, wani ɗan gida a layin da ke bayan Stockport Road. Gidajen unguwar a manne suke da juna, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, kuma bangon ba wani kauri gare shi ba. Idan na gefe ya yi tari, sai ka ji kamar ka ce masa sannu.

Maƙwabcinmu na hannun dama wani dattijo ne ɗan asalin Jamaika, dogo, siriri, ya doshi tamanin. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu, shi kaɗai yake zaune. Duk layin Uncle ake kiransa, ni ma na bi sahu. Gaisuwarmu ba ta wuce ranar da ake fito da bolar shara, ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Ni a lokacin karatun digiri na uku ya sha mini kai, bincike nake a kan ruwan sha, daga jami'a sai gida sai masallaci.

Duk ranar Asabar bayan azahar Uncle yakan kunna kiɗa. Na tashi a Kano, na san reggae tun a shagunan aski da rumfunan masu kaset, amma wannan nasa daban ne. Ya fi sanyi, ya fi tafiya a natse, kuma muryar mace ce ke ja, maza na amsawa. Ba ya damunmu. Har na saba, idan Asabar ta zo ban ji ba sai in tambayi matata ko ta ga Uncle ya fito yau.

Wata Asabar ina falo ina fama da kwamfuta, sai ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, wallahi Hausa na ji."

"A ina?"

"A cikin waƙar Uncle. Wani ya yi magana da Hausa."

Na yi dariya na ce kewar gida ce, in ta daɗe har kukan bas ɗin Oxford Road sai ya zame mata Hausa. Ta juya ta koma kicin. Asabar ta gaba sai ta zo ta janye ni daga kan kujera, ta kai ni jikin bangon kicin, ta ce in kasa kunne. Waƙar na tafiya, macen ta kai ƙarshen baiti, aka bar ganga da jita kawai. A wannan ɗan tsakanin wata muryar namiji ta ce, a fili ƙarara: "Kai, a hankali mana!" Da waƙar ta ƙare, kafin shiru ya sauka, muryar ta sake cewa: "To, madalla."

Na tsaya da kunnena a bango kamar ɓarawo. Matata ta riƙe ƙugu tana kallona.

Ranar ban iya komawa kan aikina ba. Wane Bahaushe ne wannan? Me ya kai shi cikin kiɗan mutanen Jamaika? Kuma da wa yake faɗa? Washegari matata ta soya waina ta yi miyar taushe, ta zuba a kwano ta ce in kai, don ba a shiga gidan dattijo hannu rabbana a fara yi masa tambayoyi.

Uncle ya karɓi kwanon ya shinshina, ya ce in shigo. A falonsa akwai wata tsohuwar na'urar faifan garmaho mai girman akwatin lefe, da faifai jere a kan kanta har kusa da silin. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ajiye kwanon, ya daɗe yana kallona. Sannan ya je ya zaro wani ƙaramin faifai daga cikin jakar takarda. Tambarin tsakiyarsa rawaya ne da ya koɗe, sunan ƙungiyar kuma da hatimin roba aka buga shi, ya ɗan karkace.

Ya ce, "Wannan mu ne. Ni ne mai gangar."

Ya ɗora faifan. Da aka zo wurin maganar, sai ya ɗaga yatsa, ya furta ta tare da muryar, lafazinsa bai kauce ko kaɗan ba. Ya ce fiye da shekara hamsin yana jin kalmomin nan, kuma tun da can ya ɗauka addu'a ce, wani abu kamar Allah ya taimake mu. Ya tambaye ni ma'anarsu.

Na ce, "Uncle, cewa ya yi: kai, rage sauri."

"Wa yake nufi?"

"Ina jin mai ganga."

Dattijon nan ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya ce lallai shi ne, domin duk rayuwarsa abin da ake ce masa ke nan.

A ranar ya fara ba ni labarin. Yana da shekara goma sha tara ya biyo mahaifiyarsa zuwa Birmingham, ya samu aiki a masana'antar narka ƙarfe, suka zauna a unguwar Handsworth. A ƙarshen shekarun sittin wani sabon kiɗa ya fito a Jamaika da ake kira rocksteady, shi ne yayan reggae. Kafin shi kiɗan da ake yi mai sauri ne, sai aka sassauta, aka bar jita mai kaurin murya, wadda suke kira bass, ta riƙa jan ragama, mawaƙa kuma suka samu sararin jan murya. 'Yan'uwa daga gida sukan aiko da faifai, matasa su taru a ɗaki ɗaya su saurara har allurar ta cinye shi. Daga nan su biyar suka ce su ma za su iya: shi a kan ganga, wasu 'yan'uwa biyu kwandastocin bas a kan jita, wani da ya koyi kaɗa ogan, mai kama da fiyano, a coci, sai wata budurwa mai koyon aikin jinya, ita ce mai waƙa.

A ɗakin ƙasa na gidan da 'yan'uwan biyu ke haya suke gwaji. A saman benen gidan kuma akwai wani ɗalibi daga Nijeriya da ke karatun lantarki a kwalejin fasaha. Wata rana ya sauko da littafi a hannu don ya ce su rage ƙara, sai ya tarar amfilifayarsu, na'urar ƙara sauti, tana hayaƙi suna tsaye a kanta ba su san abin yi ba. Ya ajiye littafin, ya koma sama ya ɗauko kayan aiki. Tun daga ranar suka laƙaba masa Injiniya, duk inda za su da shi ake zuwa.

Na tambayi sunansa na gaskiya. Uncle ya dafe goshi, ya kawo suna biyu, ya ce ba shi da tabbacin ko ɗaya. Garinsu ma bai sani ba, ya dai san arewa ne.

Ya ce, "Mutum ɗaya ce za ta sani. Ita ba ta zubar da ko tikitin bas."

Mai waƙar yake nufi. Tana nan da ranta a Handsworth. Sai dai rabonsu da magana tun jana'izar matarsa, kuma ko a ranar gaisuwa ce kawai. Da na matsa, sai ya ce ita tana ganin shi ya kashe ƙungiyar da ya tattara ya koma Manchester ba sallama. Na ce to ya ba ni lambarta in kira. Ya ce a'a, irin wannan ba a aike, shi zai kira. Sai da ya yi mako biyu kafin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce ta amince, ranar Asabar.

Muka hau jirgin ƙasa da hantsi. Uncle ya sha kwat da laktaye da malfa, ya riƙe faifan a cikin leda a kan cinyarsa. Har muka wuce garin Stoke buga yatsu kawai yake a jikin tebur. Ni kuwa tambayoyi nake jerawa a takarda, irin yadda nake shirya wa malamin da ke duba bincikena.

Anti, haka na kira ta, gajeriya ce mai jiki, gashinta fari fat, muryarta har yanzu da ƙarfi. Ta buɗe ƙofa ta dubi Uncle daga malfa har takalmi.

"Ka tsufa," in ji ta.

"Ke ma."

"Shigo, kana shigar mini da sanyi."

Ta zaunar da mu ta kawo wani jan abin sha a jug. Na kurɓa, sai na ji zoɓo ne, har da citta da kanumfari. Na ce mata haka muke yinsa a gida. Ta ce ta sani, Injiniya ma ranar da ya fara sha sai da ya ajiye kofin ya tambaye ta wa ya koya mata, suka yi ta musu a kan wa ya ara daga wurin wa.

Takardar tambayoyina ba ta yi amfani ba. Anti ta ɗauko wani gwangwanin biskit, ta buɗe, ta shiga ba da labari yadda ta ga dama, tana gyara wa Uncle duk inda ya sa baki. Ta ce babbar matsalarsu ita ce kullum a makare suke. Kafin faifai ya iso daga Jamaika, su koya, su ƙware, can an riga an wuce wurin. Sun gama iya rocksteady ke nan sai ga reggae ya shigo, suka koma koyo daga farko. Sun fara kama reggae ke nan sai matasa suka daina son ganin makaɗa, suka koma wa masu manyan lasifikoki da ke juya faifai. Don haka wasanninsu ba su wuce bikin aure, da sunan jarirai, da liyafar 'yan wasan kurket, da zauren coci idan limamin mai sauƙin kai ne. Amma a waɗannan wurare an san su. Ta ce akwai tsofaffi a unguwar nan da har yau idan sun gan ta a kasuwa sai su ce ita ta yi waƙa ranar aurensu.

Ta miƙo mini hoto. Mutum shida ne a gaban wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Biyar sun yi tsayuwar 'yan gayu, na shidan yana can gefe, saurayi baƙi siriri, da kwat ɗin sanyi har gwiwa, da naɗin waya a kafaɗa. A kansa kuwa hular zanna ce, ya karya ta gefe. Na daɗe ina kallon hular nan. Irin ta ce mahaifina ke sawa a hotunansa na samartaka.

Na tambaye ta yadda ya zauna da su, shi da ba ya sha ba ya rawa. Ta ce ko kusa bai takura ba. Yakan ja kujera kusa da amfilifaya da kwalbar lemo, idonsa a kan wayoyi, ƙafarsa kuma tana bin kiɗan, ko da yake in aka faɗa masa sai ya musa. Idan suna hanya lokacin sallarsa ya yi, direba ya san zai tsaya, su zauna a mota su jira shi. Da azumi ita ke ajiye masa shinkafa da wake a kwano daban, ta tabbatar ba abin da ya taɓa naman da ba ya ci. Shi kuma ya koya musu kunnen jin sauti. Shi ya fara gaya musu cewa gangar tana gudu ta bar sauran a baya.

"Har yau tana gudu," in ji Anti, tana harar Uncle.

Sai maganar faifan. Ta ce sau ɗaya tak suka shiga ɗakin ɗaukar murya, wani ɗan ƙaramin wuri a saman shagon kujeru, ranar Lahadi da safe, kuma awa biyu aka ba su. Wayar makirufonta ta riƙa yankewa, ba lokacin gyara, sai Injiniya ya durƙusa a gefenta ya riƙe mahaɗar wayar da hannunsa har aka gama. Shi ya sa bakinsa ke kusa da makirufo. Sun yi waƙar sau huɗu, wanda ya yi magana a cikinsa shi ya fi daɗi, mai ɗakin ya ce ko a bar shi haka ko a tafi da wanda bai kai shi ba. Suka bar shi. Faya-fayan da aka buga ba su da yawa. A jaka suka riƙa yawo da su shagunan aski da na kayan miya, ragowar kwali ɗaya kuma ruwa ya ci shi shekarar da ɗakin ƙasan ya cika.

Na faɗa mata ma'anar maganar. Ta tafa hannu ta ce ita fa ta sha gaya wa jikokinta cewa albarka ce aka sa musu da harshen Afirka. Na ce ta biyun, madalla, ta yi kusa da hakan. Ta ce to ta riƙe wannan.

Game da watsewarsu, a gabana suka yi ta. Anti ta ce tafiyar Uncle ce. Uncle ya ce kafin ya tafi mai ogan ya riga ya daina zuwa, ya ce ba zai ƙara taɓa kiɗan duniya ba, kuma ita kanta an mayar da ita aikin kwana a asibiti. Ta ce duk da haka sallama ba ta fi ƙarfinsa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, kunya ce ta hana shi, don a wurin wasansu na Moss Side da ke Manchester ya haɗu da yarinyar da ya bi can. Anti ta ƙara masa zoɓo. 'Yan'uwan nan biyu duk sun rasu, ɗaya a Jamaika, ɗaya a nan. Mai ogan ya zama fasto, shi ma ya rasu, kuma har ya mutu bai yarda a yi masa zancen ƙungiyar ba.

A ƙasan gwangwanin akwai wasiƙa guda, irin shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama da ake naɗewa ta zama ambulan. Injiniya ne ya aiko bayan ya koma gida. Ya ce ya samu aiki a gidan rediyo a Kaduna, ya yi aure, ya tambayi lafiyar kowa, ya kuma ja kunne kada a bar amfilifaya a kunne ba kowa. Cikakken sunansa na ƙasa. Anti ta amsa masa sau biyu, ba ta sake ji daga gare shi ba.

Da na dawo na kira surukina a Kaduna, wanda ya san tsofaffin ma'aikata da yawa. Ya ce sunan bai zame masa baƙo ba. Daga shi zuwa wani abokinsa, daga abokin zuwa wani limami, cikin mako uku aka turo mini lamba. Mutumin yana raye, ya yi ritaya tuntuni, yana zaune a Zariya.

Na kira bayan la'asar ɗinsu. Muka gaisa doguwar gaisuwa, na faɗi ko ni ɗan wane ne, sannan na ce, "Baba, ina kira ne daga Ingila, a kan wani faifai da aka yi a Birmingham."

Sai ya tambaye ni:

"Wa ya gaya maka?"

Na ba shi labari tun daga bangon kicin. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To, ɗana, bari in gyara maka abu ɗaya. Ni ban taɓa kiɗa ba. Waya na riƙe." Sai kuma ya fashe da dariya, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba. Ya tambayi mutanen ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, bai manta ko guda ba. Duk wanda na ce ya rasu sai ya yi salati. Ya ce bai taɓa jin faifan ba, domin kafin a buga shi ya riga ya hau jirgi. 'Ya'yansa da jikokinsa ba wanda ya san wannan zance. Ba wai ɓoyewa ya yi ba, in ji shi, ya dai rasa ta inda zai fara, shekaru kuma suka yi ta tafiya. Wasiƙun Anti sun same shi, ya yi ta cewa gobe zai amsa.

Muka sa rana. Anti ta hau jirgi ta zo Manchester, matata ta yi girki, muka taru a falon Uncle da rana tsaka, na jingina wayata a jikin tulun fure. Da hoton ya fito, ga wani tsoho da farin gemu da farar jallabiya a kan tabarma, yana matso da fuskarsa kusa da waya. Su ukun suka yi ta kallon juna. Anti ce ta fara magana, ta ce shekara hamsin tana jiran amsar wasiƙa. Ya ce ta yi haƙuri, gidan waya ne. Ta ce ƙarya yake. Ya amsa cewa lallai ƙarya yake.

Uncle ya ɗora faifan. Baba ya karkata kunne, ya rufe ido. Da muryarsa ta fito sai ya buɗe ido ya dafe baki, ya ce ashe haka ya yi tsawa. Bayan waƙar ta ƙare suka shiga musu a kan wanda ya rubuta waƙar da ke bayan faifan. Uncle ya ce babban 'yan'uwan nan ne, Anti ta ce ita ce, Baba ya ce shi dai ya tuna mai ogan ne ya zo da ita a rubuce a bayan takardar coci. Ba su daidaita ba, kuma waɗanda za su raba gardamar duk sun tafi. Don ta kafa hujja, Anti ta gyara zama ta rera baitin farko da bakinta, ba kiɗa. Muryar ta ɗan dushe, amma ba ta kauce ba.

Tana cikin rerawa sai muka ji wata murya daga can Zariya, ta wata dattijuwa da ba ma ganinta a hoton.

"Alhaji, wace ce wannan take maka waƙa?"

Matata ta toshe baki da mayafi. Na fassara wa su Uncle, Anti ta tsaya cak, ta ce a gaya wa baiwar Allah nan ta kwantar da hankalinta, mijinta ko rawa bai iya ba.

Baba ya juya gefe, ya matsa ya ba da wuri a kan tabarmar.

"Hajiya, zo ki zauna ki gaisa da mutane. Labarin da tsawo."

Ta zo ta zauna tana gyara lulluɓi, ta leƙo cikin wayar. Anti ta ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga. Daga nan aikin fassara ya dawo kaina, Hausa zuwa Turanci, Turanci zuwa Hausa, domin Hajiya tambayoyi gare ta ba kaɗan ba, kuma so take ta ji komai tun daga farko. Abincin matata ya huce a kan tebur, ba wanda ya taɓa, sai da aka kira sallah a Zariya Baba ya ce a dakata masa, zai dawo.